Yadda Ake Wanke Tiyo Mai Ɗumi na Na'urar CPAP da Yadda Ake Sauya Shi

Wajen ƙarfe uku na dare na farka da wani ƙara a kusa da kunnena, kamar wani yana kurkure baki. Kafin in gane mene ne, ɗigon ruwa mai sanyi ya gangaro ta cikin takunkumin ya shige mini hanci. Na tashi zaune ina tari. Shekarata ta biyu ke nan ina kwana da na'urar CPAP, wadda take tura iska ta tiyo da takunkumi zuwa hanci don riƙe maƙogwaro a buɗe, saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma tiyon da nake amfani da shi mai ɗumi ne, wanda aka ƙera musamman don kada irin haka ta faru. Da gari ya waye na kai shi bakin taga na duba. A daidai wuyansa, inda yake shiga na'ura, robar ta ɗan tsage, wayar da ke nannaɗe a jikinsa ta yi mummunar lanƙwasa. Wata da watanni ina cire shi ta hanyar jan jikinsa, ban taɓa riƙe wuyan ba. Yana nan yana kai iska, amma ya daina ɗumi.

Daga ranar na canza yadda nake kallon wannan tiyo. Ba roba ce kawai ba. Kayan lantarki ne, kuma hanya ce da duk numfashinka na awa bakwai ko takwas yake bi kowane dare. Wanke shi ba wuya. Inda mutane suke yin ɓarna shi ne wajen riƙo da wajen shanya, don haka a nan zan fi daɗewa.

Abin da ke cikinsa

Tun da wani likita mai suna Colin Sullivan ya fito da wannan hanyar magani a birnin Sidni na Ostireliya a farkon shekarun 1980, masu amfani da ita suke kukan bushewar hanci da maƙogwaro, domin iskar da ake turawa da ƙarfi tana kwashe danshin hanci. Sai aka ƙara wa na'urar tankin ruwa mai ɗumama, iska ta bi ta kansa ta ɗebi laima. An magance bushewa, amma sai wata matsalar ta ɓullo: raɓa a cikin tiyo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi. Kubik mita ɗaya na iska a digiri 27 na ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe kusan giram 26 na ruwa, amma a digiri 18 bai wuce giram 15 ba. A ƙaddara iska ta baro tanki da giram 22, ta shiga tiyo mai tsawon mita biyu a ɗaki mai sanyi. Kafin ta isa hanci ta huce, abin da ta kasa riƙewa ya sauka a bangon tiyon, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take gumi. A dare ɗaya kuwa iskar da ke wucewa ta nan tana iya haura kubik mita goma. Ruwan da ya taru a tiyon shi ne ƙaran da na ji.

Tiyo mai ɗumi yana da siririyar waya da ta nannaɗe shi daga wannan baki zuwa wancan, tana ɗumama bangon don kada iska ta huce a hanya. A bakin da ke haɗuwa da takunkumi akwai ɗan ma'aunin zafi da yake faɗa wa na'ura yadda iskar take a lokacin da ta iso. A ɗaya bakin, wanda ke shiga na'ura, akwai 'yan ƙananan ƙarafuna da wuta take bi. Waɗannan ukun, waya da ma'auni da ƙarafuna, su ne za ka riƙa tunawa da su a duk abin da zai biyo baya.

Ranar wanki

Sau ɗaya a mako ya isa ga yawancin mutane, kuma shi ne abin da manyan kamfanonin suke rubutawa a littattafansu. Idan kana fama da mura ko tari, ka ƙara yawan wankin har ka warke. Ka zaɓi rana guda ka riƙe ta, kuma ka yi shi da safe da zarar ka tashi. Wanda ya bari sai yamma zai kwana da jiƙaƙƙen tiyo.

Kayan aikin ba su da yawa: roba mai faɗi da tsabta wadda tiyon zai shiga ba tare da an tanƙwara shi ba, ruwa mai ɗumi-ɗumi irin wanda hannu yake jurewa ba tare da ka janye ba, sabulun ruwa na wanke-wanke marar ƙamshi, da tawul mai tsabta. Ka nisanci bilic da duk abin da ke da kulorin, da sifirit, da turare ko mai mai ƙamshi, da sabulun da aka sa wa man shafawa, da wanda ake tallarsa da kashe ƙwayoyin cuta. Wasunsu suna busar da roba har ta tsattsage, wasu kuma suna barin saura a bango wanda kai ne za ka shaƙa har asuba. Tafasasshen ruwa ma haka, yana sassauta roba ya ɓata siffar wuyan. Kada ka jefa shi cikin injin wanki kowane iri.

Da farko ka kashe na'urar. Idan ka ji tana ci gaba da hura 'yar iska bayan ka kashe, ba lalacewa ta yi ba. Wasu an yi su haka ne don su huce su kore ragowar tururi. Ka bar ta ta gama, sannan ka zare fulogin daga soket. Wanda ake haɗa masa iskar oksijin da na'urar, shi ya fara rufe oksijin tukuna kafin ya kashe na'ura, in zai kunna kuma na'ura ce farko. Wannan ba abin wasa ba ne, domin oksijin da ya taru a cikin na'urar da ba ta aiki yana iya jawo gobara.

Yanzu cirewa. Ka fara da ɓangaren takunkumi: hannu ɗaya a kan gwiwar takunkumin, ɗaya a kan wuyan tiyon, wato robar nan mai kauri da ke bakinsa, ka ɗan murɗa kaɗan ka ja. Ka duba kada mahaɗin takunkumin ya maƙale ya biyo tiyo, domin yana yawan faruwa, kuma ranar da ka zubar da tsohon tiyo sai ka zubar da shi tare ba ka sani ba, ka dawo kana mamakin me ya sa sabon ya ƙi shiga.

Ɓangaren na'ura ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A AirSense 10 ta ResMed ana matse wuyan ne da yatsu biyu a ja shi a miƙe. A DreamStation ta Philips akwai 'yan kunnuwa a gefe da gefe da ake dannawa kafin ya saki. A tsohuwar S9 ta ResMed murɗawa ake yi. Ka duba ɗan littafin da ya zo da taka sau ɗaya, hannunka zai riƙe. Abin da bai canzawa a dukansu shi ne wannan: wuya ake riƙewa, ba a jan jiki. Inda roba mai laushi ta haɗu da mai tauri nan ne wayar ta fi rauni, kuma nan ne take tsinkewa. Idan ya ƙi fita, kada ka sa ƙarfi. Akwai makullin da ba ka saki ba.

Ka zuba ruwan a roba, ka ɗiga sabulu kaɗan. Kaɗan fa, ɗigo uku ko huɗu, domin duk kumfar da ka tayar kai za ka sha wahalar ɗauraye ta. Ka nutsar da tiyon a hankali daga baki ɗaya don iska ta fita ta ɗayan, har ya cika. Mutane da yawa suna tsoron jiƙa bakin da ke da ƙarafuna. Sanannun tiyo irin su ClimateLineAir an yi su ne a wanke su gaba ɗaya, ƙarafunan ba sa lalacewa da ruwan sabulu muddin sun bushe ƙayau kafin su ga wuta. Idan littafin naka ya ce kada a nutsar da wannan baki, maganarsa za ka bi.

Ka bar shi ya jiƙa na 'yan mintoci. Sannan ka ɗaga shi da ruwa rabi a ciki, ka toshe bakunan biyu da tafin hannu, ka riƙa ɗaga wannan hannu kana sauke wancan, ruwan yana kai da komo. Sau goma ko sha biyar. Ka zubar, ka sake ɗiba, ka maimaita. Ka goge bayansa da hannu ko tsumma mai laushi, musamman ɓangaren da ke gogar fuska da matashin kai, inda maiƙon jiki yake taruwa a tsakanin zobban da ke jikin tiyon.

Akwai dogon burushi da ake sayarwa don cikin tiyo. Ba dole ba ne ga mai wanki kowane mako. In za ka yi amfani da shi, ka tabbata girmansa ya dace, domin akwai tiyo mai faɗin ciki milimita 15, akwai mai 19, kuma burushin babba yana iya kekketa siririn. Ka leƙa bakin takunkumi za ka ga ma'aunin zafin ya ɗan turo kai cikin hanyar iska kamar ƙaramin haƙori. Kada burushi ya doke shi. Ni dai ta bakin na'ura nake shigarwa, in tsaya kafin in iso wurin.

Tun yana cike da ruwa, ga damar gwaji kyauta. Ka toshe bakunan, ka goge bayansa da tawul, ka ɗan miƙe shi a hankali kana kallo. Duk inda ka ga ɗigo yana tsattsafowa, huda ce. Masu kyanwa a gida su fi kula da wannan, domin mage tana son tiyo mai ɗumi, kuma hudar haƙorinta ba ta ganuwa da ido sai ruwa ya tona ta.

Sai ɗauraya. Ka bar ruwa mai tsabta ya bi ta cikinsa har kumfa ta ƙare, sannan ka ƙara sau biyu. Ka sa hanci a baki ka shinshina. In ka ji sabulu, da saura.

Game da farin khal, wato binega: amfaninsa na ainihi a tankin ruwa ne, inda farin gishiri-gishirin ruwa yake daskarewa. Kashi ɗaya na khal a kusan kashi goma na ruwa yana narkar da shi. A tiyo ba kasafai ake buƙatarsa ba, kuma warinsa yana daɗewa a roba.

Shanya

Nan ne aikin yake. Tiyo mai tsabta amma jiƙaƙƙe, an naɗe shi an ajiye a wuri mai ɗumi, ya fi wanda ba a wanke ba saurin yin fumfuna. Kuma ƙarafuna masu danshi idan suka haɗu da wuta suna yin tsatsa mai kore-kore, na'ura ta daina gane tiyon.

Ka riƙe shi a tsakiya, bakunan biyu suna kallon ƙasa, ka girgiza a hankali ruwan da ya maƙale a zobban ya sauka. Kada ka wulwula shi a iska kamar majajjawa. Na san yana fitar da ruwa da sauri, amma nauyin wuyan yana jan wayar, kuma in bakin ya doki bango ma'aunin ya tafi. Ka goge bayansa da tawul. Ka ɗauki busasshen gefen tawul ɗin ka dangwala ƙarafunan da ramin da suke ciki, kada ka sa tsinke ko wani abu mai kaifi.

Sannan ka rataye shi a kan abu mai kauri, kamar sandar labulen banɗaki ko saman ƙofa da aka ɗora wa tawul, bakunan suna lilo ƙasa. Siririyar igiya ko ƙusa ba su dace ba, domin duk nauyin yana taruwa a wuri ɗaya ya karya wayar. A inuwa, inda iska take wucewa. Hasken rana kai tsaye yana sa roba ta yi rawaya ta yi tauri, haka ma kusa da hita ko na'urar busar da gashi. Idan banɗakin yana da laima, ka fitar da shi zuwa wani ɗaki.

Bayan awa huɗu ko biyar ka ɗaga shi ka haska. Sau da yawa za ka ga ƙananan ɗigo jere a cikin zobban kamar duwatsun wuya, sun ƙi sauka. Ga abin da nake yi. Na farko in tabbata bakin ƙarafunan ya bushe sarai, ciki da waje. Sai in mayar da tankin ruwa a na'ura babu ruwa a ciki, in kashe ɗumama tankin daga saiti, in haɗa tiyon, in bar ɗaya bakin a buɗe yana kallon ƙasa a kan tawul, in kunna. Minti goma zuwa sha biyar iska ta share ragowar. Wasu na'urorin suna kashe kansu in suka ji babu takunkumi a fuska. A irinsu ka shiga wurin gwada zaman takunkumi, shi yana hurawa ba tare da jiran numfashi ba. Ka tuna ka mayar da saitin danshi inda yake in ka gama, kada ka kwana da busasshiyar iska ka tashi da maƙogwaro yana zafi. Kuma in likitanka yana duba bayanan da na'urar take ajiyewa, yana iya ganin waɗannan mintoci a matsayin babban yoyo, sai ka gaya masa dalili.

Mafi sauƙi a kan duk wannan shi ne mallakar tiyo biyu, ana amfani da ɗaya, ɗaya yana shan iska har washegari. Ga wanda yake da hali, ina ganin babu abin da ya fi wannan kwanciyar hankali.

Na'urorin da ake cewa suna wanki ba ruwa

Za ka ga tallar akwatuna da suke tura iskar ozon ko wani haske cikin kayan, ana cewa sun raba ka da sabulu. Ban yarda da su ba, kuma ba ra'ayina ne kawai ba. A watan Fabrairun 2020 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansu, bayan ta samu koke daga mutanen da suka yi tari, ciwon kai, ƙaiƙayin hanci da tashin asma. Kafin ozon ya kashe ƙwayoyin cuta sai yawansa ya wuce abin da huhun mutum yake jurewa, kuma yana iya saura a cikin tiyo. A watan Yunin 2021 da kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke rugurgujewa a ciki, ya ambaci wanki da ozon a cikin abubuwan da suke iya tsananta lalacewar. Bayan haka, ko da iskar ta kashe ƙwayoyi, ba ta cire maiƙo da ƙura. Ruwa da sabulu ne suke wannan.

Yaushe ake sauyawa

Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, yana biyan sabon tiyo ɗaya duk wata uku, kuma daga nan ne wannan lissafi ya bazu. Wannan iyakar abin da inshora take biya ne, ba ranar mutuwar tiyo ba. Wanda ake riƙe shi da kyau yana kai wata shida lafiya. Ka rubuta ranar da ka fara amfani da shi a jikin kwalinsa ko a wayarka, domin watanni suna wucewa ba a sani ba. Amma kalanda ba ta fi ido ba. Duk ranar da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, lokaci ya yi ko da watansa ɗaya.

Huda ko tsaga, komai ƙanƙantarta. Na'urar tana aiki ne da matsin iska da likita ya ƙayyade maka, galibi tsakanin 4 zuwa 20 a ma'aunin matsi da ake kira santimitan ruwa. Tana iya cike gurbin ɗan yoyo, amma in ya yi yawa iskar da ke isa maƙogwaro ba ta kai ta riƙe shi a buɗe ba, minshari ya dawo, ka tashi da nauyin kai kamar ba ka kwana da ita ba. Kada ka naɗe hudar da salatif ka ci gaba. A tiyo marar waya wannan yana iya riƙe ka dare ɗaya. A mai ɗumi, huda tana nufin danshi yana isa ga waya.

Wayar da ta fito fili, ko wurin da ya fi sauran zafi in ka shafa, ko warin roba mai ƙonewa. Wannan ka zare fulogi nan take, kada ka sake haɗa shi.

Wuyan da ya saki, yana zamewa daga takunkumi in ka juya. Baƙaƙen ɗigo ko wani launi a ciki da ya ƙi fita bayan wanki. Fumfunar da ta shiga jikin roba ba ta fita, zubarwa ake yi. Wari da yake dawowa kwana ɗaya bayan wanki. Roba da ta yi tauri ko ta fara danƙo.

Sai kuma alamar da ta fi ɓuya, wadda ta same ni: raɓa ta dawo alhali ba ka taɓa saiti ba, ɗakin ma bai ƙara sanyi ba. Ko na'urar ta rubuta saƙon matsala game da tiyo, ko wurin saita zafin tiyo ya ɓace daga fuskarta. Kafin ka yanke hukunci, ka kashe, ka cire, ka duba ƙarafunan ko akwai danshi ko ƙura, ka goge, ka mayar har ka ji ya kama. Ka kunna minti goma ka riƙe tiyon a tafin hannu. Ɗumin nasa kaɗan ne, ba zafi ba, amma a ɗaki mai sanyi za ka ji shi. In yana nan sanyi ƙalau, wayar ta tsinke, kuma ba a gyara ta.

Sayen sabo da haɗa shi

Tiyo marar waya kusan kowanne yana shiga kowace na'ura, domin bakinsa milimita 22 ne a ko'ina. Mai ɗumi ba haka yake ba. Kowane kamfani da irin mahaɗinsa, kai har a kamfani ɗaya ma. ClimateLineAir na AirSense 10 ba ya aiki a AirSense 11, ita nata daban ne mai lamba 11 a sunansa, kuma na S9 bai shiga ko ɗaya cikinsu. Na Philips na Philips ne, na kamfanin Fisher & Paykel nasu ne. Ka juya na'urarka ka karanta cikakken sunanta a ƙasa, ka ɗauki hotonsa da hoton bakin tsohon tiyon kafin ka saya. Mai amfani da oksijin ya nemi irin wanda aka yi wa ƙofar oksijin, ko ya tambayi wanda ya haɗa masa kayan. Ka guji wanda ba sunan kamfani ba lamba. Araha ba ta ado, balle a abin da yake ɗauke da wuta kusa da fuskarka kana barci.

In ya iso, ka fito da shi ka miƙe shi ka duba daga baki zuwa baki. Ka wanke shi kamar yadda aka faɗa a sama kafin amfanin farko, warin masana'anta ya tafi, ka shanya ya bushe. Da na'ura a kashe, ka daidaita ƙarafunan da raminsu, ka tura a miƙe, ko ka murɗa in S9 ce, har ka ji ƙas. In bai yi wannan ƙaran ba, bai zauna ba, kuma zai kai iska amma ba zai yi ɗumi ba. Ka haɗa takunkumi, ka sa fulogi, ka kunna. Na'urorin zamani suna gane tiyo mai ɗumi da kansu, za ka ga wurin saita zafinsa ya bayyana. Ka toshe bakin takunkumin da hannu na ɗan lokaci, ka bi jikin tiyon da bayan ɗaya hannun ko za ka ji iska tana fita. Tsohon kuma kada ka ajiye shi don ko-ta-kwana in wayarsa ta lalace. Inda ake karɓar tsofaffin kayan lantarki can ya dace da shi.

Saiti. A na'urorin ResMed zafin tiyo yana tafiya daga digiri 16 zuwa 30, kuma in ka bar wa na'ura ta sarrafa da kanta tana riƙe shi a 27 tana daidaita danshi gwargwadon ɗakin. Ka fara daga nan. Wasu kamfanonin lambobi suke sawa a maimakon digiri, amma tunanin ɗaya ne. In raɓa tana zuwa, ka ƙara zafin tiyo mataki ɗaya, in bai isa ba ka rage danshi mataki ɗaya. In hanci yana bushewa, ka ƙara danshi, kuma ka ƙara zafin tiyo tare da shi don ya iya ɗauka. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka ba shi dare biyu kafin ka sake taɓawa, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Matsin iska kuwa ba naka ba ne, na likita ne. Bushewar baki da ta ƙi jin saiti sau da yawa alama ce ta buɗe baki a barci, wannan kuma maganar takunkumi ce da za ka kai masa.

Inda ka ajiye na'ura ma yana da tasiri. Ta zauna ƙasa da kanka kaɗan, don in ruwa ya taru ya gangara wajen tanki, ba wajen fuska ba. Kada tiyon ya yi ciki a tsakiya, nan ruwa yake kwanciya ya fara ƙara. Kada iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa dukansa kai tsaye. Kuma kada ka tura shi ƙarƙashin bargo, musamman bakin da ke da ma'auni: zai ji ɗumin jikinka ya ɗauka iska ta yi zafi, ya rage wuta, sauran tiyon da ke waje ya yi sanyi ya tara raɓa.

Tsakanin wanki da wanki, kowace safiya ka zubar da ragowar ruwan tanki, ka cire tiyon daga takunkumi ka rataye shi ya sha iska. In za ka yi tafiya, ka naɗe shi da faɗi kamar yadda ya zo a kwali, kada ka ninke shi biyu, kuma kada caja ko takalmi su danne shi a jaka.

In tiyon ya mutu da dare kuma babu sabo a kusa, kada ka kwana babu na'ura. Tiyo marar waya yana aiki a yawancinsu, shi ya sa nake ajiye ɗaya a aljihun gado. Ka haɗa shi, ka shiga saiti ka gaya wa na'ura irinsa, siriri mai milimita 15 ne ko mai 19, domin da wannan take lissafin iskar da za ta tura. Ka rage danshi mataki ɗaya ko biyu, ka rufe taga, ka sa masa rigar tiyo ta ulu in kana da ita. Zai riƙe ka har sabon ya iso.